Wa Ke Karanta Takardar Mai Neman Aiki?

A shekarar 2016 Hukumar Tara Haraji ta Tarayyar Najeriya, FIRS, ta tallata guraben aiki 500. Da aka rufe karɓar takardu, shugabanta na lokacin, Babatunde Fowler, ya ce kusan mutum 700,000 ne suka nema. Lissafin ba shi da wuya. In aka zaunar da jami'i ɗaya aka ce ya ba kowace takarda minti biyu kacal, yana aiki awa takwas a rana, ba Asabar ba Lahadi ba hutun Sallah, zai shafe kusan shekara takwas kafin ya kai ta ƙarshe. Ko an tara jami'ai ɗari sai sun yi wata guda cur ba su ɗaga kai ba, kuma idon da ya karanta takardar farko da safe ba shi ne zai karanta ta ɗari biyu da yamma ba.

Shekara biyu kafin nan, ranar 15 ga Maris 2014, an ga abin da kan faru idan aka ce taro irin wannan ya zo da ƙafarsa. Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na jihohi. Sama da mutum 500,000 ne suka biya Naira 1,000 kowannensu don neman guraben da ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu.

Wannan lodi ne ya buɗe wa ƙirƙirarriyar basira ƙofar ofisoshin ɗaukar ma'aikata, kuma ba ƙasashen da rashin aiki ya yi wa katutu kaɗai ke ɗauke da shi ba. Kamfanin Unilever, mai Omo da Vaseline da Knorr, ya taɓa bayyana cewa yana karɓar takardun neman aiki kusan miliyan 1.8 a shekara. A 2025 an ruwaito cewa ta shafin LinkedIn kaɗai ana aika kusan takardu 11,000 a kowane minti. Zancen komawa zamanin fayil da jan biro bai ma taso ba. Masu sayar da manhajojin suna cewa za su ɗauke wa jami'i ayyukan da yake ta maimaitawa, kuma suna da gaskiya. To amma cikin ayyukan nan akwai na dako, irin su tattara takardu da sa ranar ganawa, akwai kuma na hukunci, wato cewa wane ya cancanta a gan shi, wane kuwa bai cancanta ba. Haɗa su a kwando ɗaya shi ne tushen kusan duk rikicin da aka yi a kan wannan fasaha cikin shekaru goma da suka wuce.

Yana da kyau a bi takarda ɗaya a ga inda take shiga. Mai nema ya cike fom, ya ɗora tarihin karatunsa da aikinsa, wanda kowa ke kira CV, ya latsa. Ba idon mutum takardar ke fara haɗuwa da shi ba. Manhaja ce ke karɓarta, ta yayyanka ta gida-gida: suna nan, lambar waya can, makaranta da shekarar gamawa, wuraren da aka yi aiki da tsawon zama a kowanne. Daga nan sai tambayoyin da amsa ɗaya ke fitar da mutum daga layi. Ka yi bautar ƙasa? Kana da izinin aiki a ƙasar? Za ka iya aikin dare? Wannan mataki tsoho ne, tun shekarun 1990 manyan kamfanoni ke aiki da shi, kuma babu wata basira a cikinsa. Mutum ne ya rubuta ƙa'ida, na'ura ta bi.

Sabon abu yana gaba. Manhajojin yanzu sun wuce farautar kalma. Suna kwatanta ma'anar abin da ke cikin takarda da bayanin gurbin, har su gane cewa wanda ya rubuta ya riƙe littafin shiga da fitar kuɗi na wani kanti yana da kusanci da aikin akanta ko da bai ambaci sunan aikin ba. Sannan su ba kowa maki, su jera mutane daga sama zuwa ƙasa. Jami'in da ya kunna kwamfuta da safe zai tarar da mutum 3,000 an riga an jera masa su. Zai duba hamsin na sama, in ya yi ƙoƙari ɗari. Na 800 kuwa a rubuce ba a ƙi shi ba, amma ba wanda zai taɓa isa gare shi.

Akwai inda amfanin bai bar wurin gardama ba. Duk wanda ya taɓa shirya intabiyu ya san yawan lokacin da ke salwanta a kan neman ranar da manaja yake ofis, mai nema yana gari, ɗakin taro kuma ba kowa a ciki. Imel ya je, imel ya dawo, a kira waya a ji ta a kashe, mako guda ya tafi. Manhaja tana duba kalandar kowa ta warware wannan cikin daƙiƙoƙi. Gidajen abincin McDonald's da yawa a Amurka suna ɗaukar ma'aikata ta hannun wata manhajar hira mai suna Olivia, ta kamfanin Paradox. Matashi ya tashi daga wani aikin da sha ɗaya na dare, ya ɗauki waya ya yi mata rubutu, ta tambaye shi sunansa da lokutan da zai iya aiki, ta amsa tambayoyinsa, ta ba shi ranar da zai ga manaja. Kamfanin abinci na Chipotle, da ya ɗauki irin wannan manhaja a 2024, ya ce lokacin da ke tsakanin neman aiki da fara shi ya sauko daga kwana 12 zuwa 4. Ga mai jiran albashin farko don biyan kuɗin haya, kwana takwas ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Unilever ma, da ya fara tace sababbin masu digiri ta hanyar wasannin waya da hirar bidiyo tun wajen 2016, ya ce zagayen ɗaukar aikinsa ya ragu daga wata huɗu zuwa mako huɗu, kuma a 2019 ya ce ya tsimi awa 100,000 na lokacin ma'aikatansa cikin shekara guda. Alkaluman kamfanonin ne da kansu, don haka a karɓe su da ɗan taka-tsantsan, amma alƙiblarsu a fili take. Akwai kuma wata riba da ba a cika lissafawa ba. Babban abin da ke ci wa masu neman aiki tuwo a ƙwarya shi ne shiru: a aika takarda, a yi wata shida ana duba waya, ba e ba a'a. Na'ura ba ta gajiya da cewa an karɓi takardarka, ko an cike gurbin. Wannan ɗan mutunci ne da ofisoshi da yawa suka daɗe da daina yi wa mutane saboda yawa, kuma ya kamata a yaba wa duk abin da ya dawo da shi.

Matsalar tana farawa ne daga wata gaskiya mai sauƙi: ƙin ɗaukar mutum shi ma aiki ne da ake maimaitawa, hasali ma shi aka fi maimaitawa. A gurbin da mutum 1,000 suka nema, sau ɗaya za a ce e, sau 999 a ce a'a. Duk wanda ya zo da niyyar rage wa ofis wahala, nan idonsa zai fara faɗawa.

Kamfanin Amazon ya gwada. Tun 2014 wata tawagar injiniyoyinsa ta fara gina manhajar da za ta karanta takardun masu nema ta ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar, kamar yadda masu saye ke ba kaya a shafin kamfanin. Aka koyar da ita da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma. Da yake yawancin masu neman aikin injiniya a waɗannan shekaru maza ne, sai manhajar ta fahimci cewa namiji shi ne samfurin wanda ake so. Zuwa 2015 aka lura tana rage maki ga duk takardar da ta ƙunshi kalmar da ke nuna wani abu na mata ne, misali a ce mai nema ta shugabanci ƙungiyar wasan dara ta mata, kuma tana ƙasƙantar da waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Injiniyoyin suka gyara waɗannan kalmomi, amma suka kasa samun tabbacin cewa ba za ta gano wata hanyar bambancewa ba. A ƙarshe aka wargaza tawagar. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya fasa ƙwan a Oktoban 2018, Amazon kuma ya ce jami'ansa ba su taɓa yanke hukuncin ɗaukar kowa da manhajar ba.

Abin lura a nan shi ne ba wanda ya rubuta wa manhajar cewa ta ƙi mata. Tarihi aka ba ta, ta koyi abin da ke cikin tarihin. Kuma goge jinsi ko suna daga takarda ba ya magance komai, domin alamun suna warwatse ko'ina: sunan makaranta, unguwa, ƙungiyar da aka shiga, irin kalmomin da mutum ke bayyana kansa da su. An ma gano manhajar ta Amazon tana fifita wasu kalmomin aikatau masu zafi da suka fi yawa a takardun injiniyoyi maza.

Adalci ne a tuna cewa mutanen da ake son na'ura ta maye gurbinsu su ma ba tsarkaka ba ne. A wani sanannen bincike da aka wallafa a 2004, masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 na ƙirƙira zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, suna sauya suna kawai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun samu kira da kashi 50 cikin 100 fiye da masu sunayen baƙar fata. Ba kwamfuta a wannan; mutane ne da idonsu. Shekara ashirin bayan haka, a 2024, masu bincike a Jami'ar Washington suka yi gwaji makamancin wannan a kan manyan manhajojin harshe guda uku da takardu na gaske sama da 550. Manhajojin sun fifita sunayen fararen fata a kashi 85 cikin 100 na gwaje-gwajen, na baƙar fata a kashi 9 kawai, sunayen mata kuma a kashi 11.

Bambancin yana wurin faɗi. Jami'i mai son zuciya yana cutar da waɗanda suka faɗo teburinsa, kuma mai nema na iya dacewa da wani jami'in a wani kamfanin. Manhaja ɗaya kuwa tana iya zama a ƙofar kamfanoni dubu. In ta ƙi mutum a nan saboda wani dalili, za ta ƙi shi a can saboda dalilin nan dai, shi kuma yana ta zaton rashin sa'a ne.

Wani abin takaicin shi ne cutar da ta fi yawa ba daga manhajoji masu zurfin lissafi take fitowa ba. Daga ƙa'idoji masu kaushi take, waɗanda wani ya rubuta cikin minti biyar ya manta da su. Kamfanin iTutorGroup, mai haɗa malaman Turanci da ɗalibai a ƙasar Sin ta intanet, ya saita manhajarsa ta watsar da duk mace mai shekara 55 zuwa sama da duk namiji mai 60 zuwa sama. Wata mata ce ta tona asirin: an ƙi ta nan take, sai ta sake aika takarda iri ɗaya da ranar haihuwa ta baya-bayan nan, aka kira ta intabiyu. Hukumar daidaita damar aiki ta Amurka, EEOC, ta kai ƙara, a 2023 kamfanin ya amince ya biya Dala 365,000 ga mutum sama da 200.

Rahoton da Makarantar Kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture suka fitar a 2021, bayan tambayar masu ɗaukar aiki a Amurka da Birtaniya da Jamus, ya nuna girman abin. Kashi 88 cikin 100 na masu ɗaukar aikin sun amsa da bakinsu cewa tsarinsu yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta don kawai ba su yi daidai da sharuɗɗan da aka rubuta kalma da kalma ba. Kusan rabinsu suna tace duk wanda ke da giɓin sama da wata shida a tarihin aikinsa. Rahoton ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai akwai mutum miliyan 27 da ke son aiki, suna iya aiki, amma tsarin ɗaukar aiki ba ya ganinsu. Cikinsu akwai matar da ta ajiye aiki don raino, da wanda ya yi jinyar mahaifi, da tsohon soja, da wanda ya taɓa zaman gidan yari ya fito ya shiryu. Rariya ce mai ƙananan ido da ba ta san tsaba ba ta san tsakuwa ba, girma kawai take aunawa.

A nan ne batun ya fi shafar mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi. A ɗauki sharaɗin shekaru da ake yawan gani a tallan ɗaukar sababbin masu digiri, musamman a bankuna: kada mai nema ya haura 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin ASUU ya cinye masa wata tara a 2020, ya sake cinye masa wata takwas a 2022, sannan ya jira kiran bautar ƙasa, zai iya tsallake wannan iyaka ba tare da ya taɓa faɗuwa jarrabawa ko ɗaya ba. Jami'i mai tunani na iya duba takardarsa ya gane abin da ya faru. Manhajar da aka ba lamba 26 ba za ta duba ba.

Sai kuma batun suna. Mutum ɗaya ne, amma a takardar WAEC Mohammed, a katin NIN Muhammad, a shaidar digiri Muhammed. Aisha a nan, Aishatu a can. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, Funtua ko Gusau ko Ɗanbatta, abin da manhajar da aka horar da takardun Turawa za ta iya ɗauka ta jefa gidan adireshi. Haka shaidar NCE ko HND, ko takardar digiri daga Yamai da Faransanci, ko daga Azhar da Larabci, duk suna iya zama baƙin abu ga tsarin da bai taɓa cin karo da su ba. Irin waɗannan kurakurai ba sa yin ƙara. Takardar dai ta yi ƙasa a jeri, shi ke nan.

Wasu na sa ran na'ura za ta kawo ƙarshen “wa ka sani”, kuma fatan na da tushe. Manhaja ba ta karɓar kiran waya daga babban mutum, ba ta san mai uwa a gindin murhu ba. A ƙasar da sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2023 don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, duk abin da zai rage hannun ɗan'adam a matakin farko abin dubawa ne. Sai dai darasin Amazon yana nan. In aka horar da manhaja da tarihin waɗanda aka ɗauka a baya, alhali an ɗauke su ne da alfarma, to alamun alfarmar za ta koya: makarantar kuɗi, adireshin unguwar masu hali, jami'ar waje. Sannan tacewar gaskiya a matakin farko ba ta hana wani jerin sunaye saukowa daga sama a matakin ƙarshe. Abin da zai hana wannan shi ne a wallafa sharuɗɗan tacewa da makin waɗanda aka ɗauka, kuma wannan shawara ce ta shugabanni, ba ta kwamfuta ba.

Hirar bidiyo ita ce inda aka fi wuce gona da iri. Mai nema na zaune shi kaɗai gaban kyamara, tambaya ta fito a allo, ya amsa, manhaja ta auna shi. Kamfanin HireVue ya yi shekaru yana haɗa motsin fuska cikin abin da yake aunawa, har ƙungiyar kare sirri ta EPIC ta kai ƙorafinsa ga hukuma a 2019, a Janairun 2021 kuma ya sanar cewa ya daina. A wannan shekarar 'yan jaridar gidan rediyo da talabijin na jihar Bavaria a Jamus suka gwada wata manhaja da ke iƙirarin gane halin mutum daga bidiyo. Suka sa 'yar wasa ta maimaita magana ɗaya da murya ɗaya, sau ɗaya da tabarau, sau ɗaya da ɗankwali. Makin halinta ya sauya. Da aka sa kantar littattafai a bayan mai magana, ya sake sauyawa. Ita kuwa 'yar jarida Hilke Schellmann, a gwajin da ta yi wa mujallar MIT Technology Review, ta amsa tambayoyin wata manhajar intabiyu da Jamusanci zalla, tana karanto wani shafi na Wikipedia, manhajar ta ba ta maki 6 cikin 9 a ƙwarewar Turanci.

Ko an bar fuska an koma kan kalmomi, sai an fara mayar da murya rubutu, kuma nan ma ba daidai ake yi wa kowa ba. Binciken Jami'ar Stanford na 2020 a kan manhajojin Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft ya gano suna kuskuren kusan kalma 35 cikin 100 a maganar baƙaƙen fatar Amurka, 19 kuma a ta farare. Waɗannan mutane ne da Turanci ne harshensu na haihuwa. Injiniyan da ya koyi nasa Turancin a Katsina, yana neman aikin nesa da wani kamfanin waje, yana da dalilin tambayar yadda aka rubuta amsarsa kafin a ba ta maki.

Su ma masu nema ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, rubuta takardar neman aiki da ta dace da kowane talla ya koma aikin minti ɗaya, akwai kuma manhajojin da ke aika ɗaruruwan takardu a madadin mutum yana barci. Wasu har suna ɓoye kalmomin tallan da farin rubutu a cikin CV, ido ba ya gani amma na'ura na karantawa. Sakamakon shi ne takardu sun ƙara yawa, sun ƙara kama da juna, kamfanoni kuma suka ƙara dogara da manhaja don tace su. Mai gaskiyar da ya rubuta tasa da hannunsa, da ɗan kuskuren nahawu, shi ne ke kwana a ciki.

Bayanan da ake tarawa ma wani nauyi ne. A tsakiyar 2025 wasu masu binciken tsaron intanet biyu, Ian Carroll da Sam Curry, suka gwada shiga bayan shafin ɗaukar aiki na McDonald's, inda Olivia ke hira da masu nema. Wani tsohon asusun gwaji ya buɗe musu da kalmar sirri 123456, wata ɓaraka ta biyu kuma ta nuna za a iya kaiwa ga bayanan hira har miliyan 64, da sunaye da lambobin waya da imel. Paradox ya toshe ɓarakar, ya ce ban da masu binciken ba wanda ya shiga. Mai neman aiki yana miƙa duk abin da aka tambaye shi domin ba shi da zaɓi, kuma wannan rashin zaɓi ya isa ya sa a riƙe amanarsa da hannu biyu.

Doka ta fara motsi, a hankali. Jihar Illinois ta wajabta tun Janairun 2020 a sanar da mai nema, a kuma nemi yardarsa, kafin manhaja ta auna bidiyonsa. Birnin New York ya fara aiwatar da dokarsa a Yulin 2023, wadda ta ce duk mai amfani da irin wannan manhaja sai wani mai bincike na waje ya auna ta kowace shekara ko tana nuna bambancin jinsi ko launin fata, a kuma wallafa sakamakon. Da masu bincike daga Jami'ar Cornell da abokan aikinsu suka duba kamfanoni 391, 18 kacal suka samu sun wallafa. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata a rukunin masu babban haɗari, ta kuma haramta amfani da na'ura wajen karanta motsin zuciyar mutum a wurin aiki tun Fabrairun 2025.

Shari'ar da aka fi zuba wa ido ita ce ta Derek Mobley da kamfanin Workday, wanda dubban ma'aikatu ke karɓar takardu ta manhajarsa. Mobley, baƙar fata da ya haura shekara 40, ya shigar da ƙara a California a 2023, yana cewa an ƙi shi a guraben aiki sama da 100 da ya nema ta wannan manhaja. A ɗaya daga ciki ya aika takarda da ƙarfe 12:55 na dare, amsar ƙi ta iso da ƙarfe 1:50. Workday ya musanta zargin, ya ce shi kayan aiki kawai yake sayarwa, masu ɗaukar aiki ne ke yanke hukunci. A Yulin 2024 mai shari'a Rita Lin ta ƙi korar ƙarar, bisa hujjar cewa idan an miƙa wa manhaja aikin tacewa, ana iya ɗaukar mai manhajar a matsayin wakilin mai ɗaukar aiki. A Mayun 2025 ta ba da damar sauran masu shekara 40 zuwa sama su shiga ƙarar. Wannan bai tabbatar da laifi a kan kowa ba, amma ya taɓo ainihin ciwon: kamfani na nuna mai manhaja, mai manhaja na nuna kamfani, wanda aka ƙi kuma ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Najeriya ba ta rasa abin kamawa ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta hanyar na'ura ita kaɗai. Ko a inda dokar ta yarda a yi hakan, ta ce sai an ba shi damar neman ɗan'adam ya duba, ya faɗi nasa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Hana mutum aiki hukunci ne mai nauyi ta kowace fuska. Abin da ya rage shi ne masu nema su san haƙƙin, hukumar kare bayanai kuma ta tambayi masu shafukan ɗaukar aiki, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ina adireshin da mutum zai rubuta wa idan an zubar da takardarsa.

Iyakar da ta dace ba ta da wuyar shatawa. A bar wa na'ura tattarawa da tunatarwa da sa rana da amsa tambayoyin da ake yi sau dubu. Duk ƙa'idar da za ta fitar da mutum daga layi kuwa, ta shekaru ce ko ta giɓin aiki ko ta darajar digiri, a rubuta ta a fili cikin tallan, kuma a san jami'in da ya sa mata hannu, wanda zai iya kare ta idan an tambaye shi. Kafin a sayi manhajar jera mutane, a gwada ta da takardun gida: a ɗauki CV ɗaya a sauya suna daga Musa zuwa Moses, daga Hadiza zuwa Hamza, daga jami'ar jiha zuwa ta waje, a ga ko maki ya motsa.

Mafi muhimmanci shi ne a riƙa leƙa tarin waɗanda aka zubar. Kamfanoni suna auna nasarar manhaja da waɗanda ta zaɓo, domin su ne ake gani suna aiki. Wanda aka ƙi bisa kuskure ba ya fitowa a kowane rahoto. Hanya ɗaya ta gano shi ita ce a ɗebo takardu ɗari ko ɗari biyu daga ƙasan jeri ba tare da zaɓe ba, a zaunar da gogaggen jami'i ya karanta, ya faɗi nawa ne da shi zai kira. Wannan zai ci wani ɓangare na lokacin da aka tsima, babu shakka. Kamfanin da ya tsimi awa 100,000 a shekara zai iya mayar da 2,000 daga ciki kan wannan aiki, wato lokacin ma'aikaci ɗaya tak.